Gordes a watan Agusta: ƙauyen yana nan, furen ne ba ya jiran kowa

Tambaya: "Assalamu alaikum. Zan halarci wani taro a Paris a makon farko na watan Agusta, kuma da uwargida za mu tafi. Bayan taron muna da kwana uku kafin jirginmu. Ta daɗe tana nuna mini hoton wani ƙauye mai suna Gordes, da wani tsohon ginin dutse da gonar furanni masu ruwan shuni a gabansa. Za mu iya zuwa da safe mu dawo Paris da dare? Me ake gani a kewayensa? Ya batun abinci da sallah?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake son sani shi ne ko tafiyar za ta yiwu a yini ɗaya, da ko abin da Hajiya ta gani a hoto shi za ku tarar, sai kuma yadda Musulmi zai yi da cikinsa da sallarsa a can. Na zauna shekaru a birnin Avignon da ke kudancin Faransa, yankin da Gordes yake, kuma na kai baƙi wannan yanki sau da yawa, 'yan uwa da abokan aiki. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, don gara ka ji shi a gida da ka je ka gani da ido.

Hoton da ta nuna maka

Ginin dutsen nan ba a cikin Gordes yake ba. Sunansa Sénanque, gidan 'yan zuhudu ne na Kiristoci da aka kafa a 1148, yana cikin wani kwari kimanin kilomita 4 arewa da ƙauyen, kuma har yau akwai masu ibada a cikinsa. Furen da ke gabansa shi ne lafinta, wanda sunansa ya zama sunan turare a bakin kakanninmu. Amfanin gona ne kamar kowane amfanin gona, yana da lokacin fure da lokacin girbi. A Sénanque yakan yi kyau daga ƙarshen Yuni zuwa wajen tsakiyar Yuli, sannan a yanke shi a kai matsa. Wanda ya zo a Agusta yawanci kututture zai tarar, jere-jere, masu launin toka. Na taɓa kai wasu baƙi a irin wannan lokaci, kafin in koyi darasi, matar ta tsaya tana duban waya tana duban gona, ta juyo ta tambaye ni ko na ɓata hanya ne.

Amma ba a rasa mafita ba, kuma mafitar tana cikin sanin dalili. Lafinta iri biyu ake nomawa a can. Akwai na asali, wanda yake son tudu, daga wajen mita 800 zuwa sama, mansa kaɗan ne amma shi masu haɗa turare mai tsada suke nema. Akwai kuma barbararren iri da suke kira lavandin, mai manyan kai, mai yawan mai, shi ake shukawa a ƙasa-ƙasa, shi ne kuma yake shiga sabulu da kayan wanki. Tunda sanyin tudu yana jinkirta fure, gonakin da ke sama su ne na ƙarshe wajen girbi. Don haka a makon farko na Agusta inda za ku nufa shi ne garin Sault, tafiyar kusan minti hamsin a mota daga Gordes, a gindin dutsen Ventoux mai tsayin mita 1,900 da ɗoriya. A can ana girbi har zuwa tsakiyar wata, kuma a ranar 15 ga Agusta suke bikin lafinta na shekara. Akwai hanyar ƙafa ta kimanin kilomita 5 da ta ratsa gonakin a ƙasan garin. Ba zan yi maka alkawarin gonaki cike ba, domin shekarar da zafi ya zo da wuri manoma sukan yanke da wuri, amma a nan ne kuke da rabo. Kafin ku kama hanya, ka sa mai masaukinku ya buga wa ofishin baƙi na Sault waya ya tambaya ko akwai sauran gonakin da ba a yanke ba. Tambaya ce da suke amsawa kullum.

Yini ɗaya daga Paris

A lissafin takarda zai yiwu. Jirgin ƙasa mai sauri da ake kira TGV yana tashi daga tashar Gare de Lyon a Paris ya isa Avignon cikin kusan awa biyu da minti arba'in, daga nan zuwa Gordes kimanin kilomita 40 ne. Sai dai ka duba abin da hakan yake nufi. Za ku iso ƙauyen wajen ƙarfe goma sha ɗaya ko sha biyu, daidai lokacin da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suke sauke mutane, wurin fakin ya cika, rana ta take, zafi ya haura digiri 30, wani lokaci ya kai 35 ko fiye. Za ku bar wurin kafin la'asar sakaliya, lokacin da wurin yake fara zama abin da aka ɗauka a hoto. Wato kun biya kuɗin jirgi mai tsada don ku sami mafi munin awanni huɗu na yinin. Tunda kuna da kwana uku, ku kwana biyu a yankin. Shawarata ke nan, kuma duk sauran bayanin a kanta ya dogara.

Ban ce lallai ku kwana a cikin Gordes ba. Masaukansa na daga cikin mafi tsada a yankin, musamman a Agusta, watan da Faransawa da kansu suke fita hutu. L'Isle-sur-la-Sorgue, ko Cavaillon, ko Apt, duk ba su wuce minti ashirin zuwa talatin ba, sun fi sauƙin kuɗi, kuma garuruwa ne da mutane suke rayuwa a cikinsu da gaske, da kantuna da mahauta. Ka kama ɗaki tun yanzu, ka kuma tabbatar akwai na'urar sanyaya ɗaki, domin tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita. Na bar sunayen garuruwan yadda Faransawa suke rubuta su saboda haka za ka gan su a allunan hanya. Shi Gordes "Gord" ake faɗa, Sault kuma "So".

Mota ita ce ƙashin bayan tafiyar. Motocin haya na gwamnati suna zuwa ƙauyukan, amma jefi-jefi, ba za su haɗa maka wurare uku a yini ba. Ana ba da hayar mota a tashar Avignon TGV ɗin kanta. Hannun dama suke tuƙi kamar mu, wannan ba matsala. Abubuwan da suke kama baƙo su ne waɗannan: yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, in otomatik kake so sai ka nema tun da wuri, a gidan mai gazole shi ne man gas, sans plomb shi ne fetur, kada a haɗa, gudu a cikin gari ba ya wuce 50, a hanyoyin karkara yawanci 80, kuma kyamarori ba sa karɓar haƙuri. Akwai kuma wata doka da ba mu saba da ita ba: a mahaɗar da babu alama, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke da hanya, ko da daga lungu ya fito. Ka tafi da lasisin ƙasa da ƙasa tare da naka na gida. In ba ka son tuƙi, akwai ƙananan motocin rangadi da suke tashi daga Avignon, rabin yini ko yini guda. Suna hutar da mutum, sai dai agogonsu za ka bi.

Gordes ɗin kansa

Mafi kyawun abin da ke Gordes ana ganinsa ne kafin a shiga. A kan hanyar da ta taso daga wajen Cavaillon akwai wani wuri da ƙauyen yake bayyana gaba ɗaya a ƙetaren kwari: gidajen farin dutse sun hau kan juna a jikin tsauni, coci da tsohuwar fada a ƙoli. Ku zo nan da yamma, lokacin da rana ta karkata ta bugi dutsen ya koma ruwan zuma. Wurin tsayawar ƙarami ne kuma bakin rami ne, a yi hattara wajen ɗaukar hoto.

Cikin ƙauyen awa biyu ya ishe ku. Mazaunansa ba su kai dubu biyu ba, wanda yana cikin sharuɗɗan shiga ƙungiyar ƙauyuka mafi kyau na Faransa da aka kafa a 1982, kuma Gordes na cikinta. Fadar da ke tsakiya tsohuwa ce, an sake gina ta a 1525. Lungunan an shimfiɗe su da duwatsu a tsaye, suna da gangara, kuma sun yi santsi saboda tafiya, don haka Hajiya ta ajiye takalmi mai tsini a masauki. In zafi ya dame ku, ku shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Palais Saint-Firmin, waɗanda aka sassaƙa cikin dutse, akwai tsohuwar ma'aikatar matsar man zaitun a ciki, ga sanyi. Kasuwar garin ranar Talata ce da safe.

Abin da nake so baƙona ya sani shi ne wannan kyau da ake gani ba na masu kuɗi ba ne tun asali. Mutane sun hau tsauni ne don tsoron hari, suka yi gini da dutse don shi ƙasar take da shi. Garin ya rayu da dukanci da jima da kiwon tsutsar siliki, da waɗannan sana'o'i suka mutu sai jama'a suka watse, gidaje suka zama kufai. A watan Agustan 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus suka yi wa garin ruwan wuta don ramuwar gayya a kan 'yan gwagwarmaya, suka rushe gidaje, suka kashe mutane. Masu zane ne suka fara dawowa da shi: Marc Chagall ya zauna a can a farkon yaƙin, daga baya Victor Vasarely ya buɗe gidan nuna ayyukansa a cikin fadar a 1970. Bayansu masu hannu da shuni suka biyo. Yau gidaje da yawa na hutu ne, da hunturu a rufe suke. Ni a ganina wannan ne ya sa Gordes ya fi daɗin kallo daga nesa fiye da zama a ciki.

Kewayen, inda tafiyar take

Kusa da garin akwai Village des Bories, tarin bukkoki na dutse zalla, ba laka ba siminti, an jera duwatsun suna matsowa ciki har suka haɗe a sama kamar rumbu. Akwai ɗakin kwana, garken tumaki, murhun gasa burodi. Manoma ne suke tsince duwatsu daga gonakinsu, maimakon su zubar sai suka gina. An zauna a cikinsu har ƙarni na 19, aka gyara su tsakanin 1969 da 1976. Duk wanda ya taso a inda ake gini da abin da ke ƙarƙashin ƙafa zai tsaya ya daɗe a nan. Babu inuwa sosai, a je da safe.

Sénanque kuma ku je ko babu fure. Ginin ba shi da ado ko kaɗan, haka ƙa'idar masu shi take, kuma kwarin yana da shiru irin wanda ba a samu a Gordes. Kallo daga waje kyauta ne, shiga ciki da tikiti, kuma suna neman a sa suturar mutunci a rage murya, tunda wurin ibadarsu ne. In ba ku son shiga, ba ku yi asarar da yawa ba. Hanyar da ta gangara can ƙunci gare ta ƙwarai, da rani sukan mayar da ita hannu ɗaya, a koma ta wata hanyar mai ɗan zagaye.

Wurin da na fi so in kai mutane shi ne Roussillon, kilomita 10 gabas da Gordes. Gordes fari ne, Roussillon ja. Garin yana zaune a kan ƙasa mai launi, daga rawaya zuwa ja wur, wadda aka riƙa haƙa ana wankewa ana fitar da garin fenti tun ƙarshen ƙarni na 18, har fentin masana'anta ya zo ya kashe kasuwar. Da ita aka shafe duk gidajen garin. A tsohon ramin haƙar an yi hanyar ƙafa, gajeriya ta rabin awa, doguwa ta kusan awa guda, tsakanin gaɓoɓin jar ƙasa da koren itatuwa. Ka ce jar ƙasa ai muna da ita a gida, gaskiya ne, amma ba ka taɓa ganin ta launi-launi a gaɓa ɗaya haka ba. Gargaɗi ɗaya: ƙurar tana kama tufafi. Wani abokina ya shiga da farar shadda da farin takalmi, duk da na faɗa masa, ya fito kamar wanda ya kwana a gidan mai yin tubali. Har yau matarsa tana tuna mini.

Fontaine-de-Vaucluse mafarin kogin Sorgue ne, ruwa yana ɓuɓɓugowa daga wani rami a gindin dutse. Ita ce maɓuɓɓuga mafi ƙarfi a Faransa, kuma a 1985 wata na'ura ta nutsa ta taɓa ƙasanta a zurfin fiye da mita 300. Amma ƙarfinta na lokacin da hunturun Turai ya wuce ne, bayan ruwan sama da narkewar ƙanƙara. A Agusta ruwan ramin yakan ja baya sosai. Kogin da ke ƙasa dai yana nan, kore shar, da sanyi kamar daga firij, ga manyan itatuwa, wurin ya dace da tsakar rana. L'Isle-sur-la-Sorgue na gaba kaɗan, ruwa ya kewaye shi, da tsofaffin ƙafafun niƙa suna juyawa. Kasuwarsa ta Lahadi babba ce, ta abinci da kayan da, amma in ba ku iso kafin tara ba za ku sha wuyar fakin.

Da ni ne, haka zan raba kwanakin. Ranar isowa, a huta har zafi ya karye, a je Roussillon, a ƙare da kallon Gordes daga nesa. Washegari a fita bayan asuba zuwa Sault, a dawo ta Sénanque. Rana ta uku Gordes da Bories da sassafe, sai bakin ruwa, sai tasha. In kasuwa ta faɗo cikin kwanakinku, a juya tsarin dominta: Apt ranar Asabar, Sault ranar Laraba. Duk kasuwannin nan kafin ƙarfe ɗaya sun watse. Wannan tsari na mai son tafiyar ƙafa ne da tashin wuri, in ku masu son hutu ne ku zubar da rabinsa, ba abin da zai ragu.

Abubuwa biyu na yanayi. Akwai iskar da suke kira mistral, busasshiya mai ƙarfi daga arewa, takan yi kwanaki tana kaɗawa. Tana busar da leɓe kamar ta hunturunmu, sai dai ita share sama take yi, ba ƙura take kawowa ba. Saboda ita da fari, hukuma takan rufe hanyoyin daji a ranakun da ake tsoron gobara, kuma ba wasa suke yi ba. Na biyu, kada a bar jaka ko fasfo a mota a wuraren fakin na baƙi. Lambar neman agaji 112 ce.

Ci da sallah

A cikin Gordes kada ka sa rai da gidan abinci na halal. Amma yankin ƙasar kayan lambu ce da zaitun da kifi, ba za ku kwana da yunwa ba. Kalmomin da za ka kiyaye a takardar abinci su ne porc, jambon, lardons, saucisson, duk alade ne, kuma lardons ɗin ƙanana ne, sukan ɓuya a cikin salak da ƙwai. Naman da suke kira daube da giya ake dafa shi. Abin da nake ci hankali kwance: aïoli, wato dafaffen kifi da dankali da kayan lambu da miyar tafarnuwa, ratatouille, haɗin gauta da tumatir da kabewa, cukun nonon akuya da burodi, da tapenade, niƙaƙƙen zaitun da ake shafawa a burodi. Miyar pistou ta wake ce da ganye, amma wasu sukan jefa alade a ciki, a tambaya. A Avignon da Cavaillon da Apt akwai jama'a 'yan asalin Maroko da Aljeriya da yawa, akwai mahautan halal da masallatai. Dalili na biyu ke nan da ya sa na ce ku kwana a irin waɗannan garuruwa. In kun sami masauki mai kicin, an gama magana. Kada ku bar Cavaillon ba ku ɗanɗani ɗan kankanarsu mai jan ciki ba, Agusta lokacinsa ne.

Lokacin cin abinci kuma a kiyaye. Gidajen abinci na ƙauye suna ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu, su rufe kicin, sai wajen bakwai da rabi na yamma. Wanda ya zo ƙarfe uku da yunwa sai dai burodi. Duk kantin da ka shiga ka fara da bonjour kafin ka tambayi komai. Su ma kamar mu ne a nan, wanda bai yi sallama ba ba ya samun fuska.

Yini yana da tsawo a wannan lokaci, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, isha'i kuma ta yi nisa cikin dare, don haka ka duba jadawalin garin da kuke, kada ka bi na gida. Alƙibla kudu maso gabas take. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli malaminka ya fi ni bakin magana. Ni dai nakan ajiye darduma da gorar ruwa a but, in nemi gefen hanya mai shiru, ba cikin gonar mutane ba, ba kuma a harabar Sénanque ba. Hijabi da mayafi ba laifi ba ne a titi ko kasuwa ko gidan abinci. Abin da dokar 2010 ta hana shi ne rufe fuska a bainar jama'a, don haka in Hajiya mai niƙabi ce, ku tattauna wannan tun kafin ku tashi. A ƙauye za a iya kallonku, musamman in ka sa babbar riga da hula, amma ni yawancin abin da ya biyo bayan kallon tambaya ce daga ina kuke.

In tsaraba za ku saya, ku duba kwalbar man. In an rubuta lavande fine ko lavande vraie, na asali ne, shi ya sa ya fi tsada. In lavandin ne, ƙamshinsa ya fi kaifi, ya fi dacewa da kayan sawa da ɗaki. A Sault za ku iya saya a hannun manomin da ya matsa shi. Ku sa shi a babbar jaka, domin ba a shiga jirgi da kwalbar da ta wuce mililita 100 a hannu.